Berlin A Ƙafa: Tafiyar Rabin Yini Cikin Tarihin Jamus

Tsakanin dandalin Alexanderplatz da tsohon shingen bincike na Checkpoint Charlie a tsakiyar birnin Berlin tafiya ce da ba ta wuce kilomita shida ba. Amma a cikinta baƙo zai ratsa ta fadar sarakuna, da kufan mulkin Hitler, da sawun katangar da ta raba birnin gida biyu, da kuma wurin da aka zauna aka tsara ƙa'idojin rabon nahiyar Afirka.

A kowace safiya akan ga 'yan jagora riƙe da lema ko ƙaramar tuta suna tattara 'yan yawon buɗe ido rukuni-rukuni domin wannan zagaye, wanda kan ɗauki sa'o'i uku zuwa huɗu. Wasu kamfanonin na da tsayayyen farashi, wasu kuwa sukan bar wa baƙo ya ba da tukwici daidai ƙarfinsa bayan an kammala. Galibin manyan biranen duniya kan nuna wa baƙo abin alfaharinsu ne, su ɓoye abin kunya. Berlin, fadar mulkin tarayyar Jamus mai mutane sama da miliyan uku da rabi, ta zaɓi ta baje duka biyun a bakin titi. Sai dai mai lura zai ga cewa ba kowane laifin tarihi ne ya samu wuri daidai da girmansa ba.

Daga Alexanderplatz zuwa bakin kogi

Zagayen yakan fara ne daga Alexanderplatz, dandalin da aka raɗa wa sunan sarkin Rasha Alexander na ɗaya bayan ziyarar da ya kawo a shekara ta 1805. A zamanin yaƙin cacar baka nan ne cibiyar Berlin ta Gabas. Daura da dandalin akwai hasumiyar telebijin mai tsawon mita 368, wadda har yau babu ginin da ya kai ta tsawo a Jamus. Gwamnatin kwaminisanci ta Jamus ta Gabas ce ta buɗe ta a 1969 domin nuna wa yammaci ƙarfinta a fannin fasaha. Amma da rana ta haska dunƙulen ƙarfen da ke samanta sai siffar gicciye ta bayyana, abin da bai yi wa gwamnatin da ba ruwanta da addini daɗi ba. Mutanen birnin suka laƙaba wa wannan haske suna ramuwar gayyar Paparoma.

A wannan dandalin ne dubban ɗaruruwan mutane suka yi gangami ranar 4 ga watan Nuwamban 1989 suna neman 'yancin faɗin albarkacin baki da sauyin siyasa. Kwanaki biyar bayan haka aka buɗe katangar Berlin.

Tsibirin kayan tarihi da tambayar mallaka

Tafiyar minti goma yamma da nan za ta kai mutum gadar kogin Spree, inda ake shiga tsibirin da ke ɗauke da gidajen adana kayan tarihi guda biyar. An gina su ne tsakanin 1830 da 1930, kuma hukumar UNESCO ta sanya tsibirin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1999. A ɗaya daga cikinsu, wato Neues Museum, ake ajiye da sassaƙen kan sarauniya Nefertiti, wanda Jamusawa masu haƙar kayan tarihi suka tono a Masar a 1912. Jami'an Masar sun sha neman a mayar musu da shi, mahukuntan Berlin kuwa na cewa ta halastacciyar hanya ya zo hannunsu.

Gidan da ya fi suna a tsibirin shi ne na Pergamon, mai ɗauke da ƙofar Ishtar ta tsohon birnin Babila da kuma sashen fasahar Musulunci. Daga cikin kayan wannan sashe akwai bangon fadar Mshatta, wadda aka gina a ƙarni na takwas a ƙasar da a yau ake kira Jordan. Sarkin daular Usmaniyya Abdulhamid na biyu ne ya ba wa sarkin Jamus Wilhelm na biyu kyautarsa a 1903. An rufe gidan na Pergamon baki ɗaya a watan Oktoban 2023 domin gyare-gyare na shekaru, saboda haka ya kamata mai niyyar shiga ya fara binciken ko an buɗe sashen da yake son gani.

A tsallaken titi, daura da babbar majami'ar Berlin da aka kammala a 1905, akwai wani gini da ke yaudarar ido. Mai kallo zai ɗauka tsohuwar fada ce, alhali kuwa sabo ne fil. A nan fadar sarakunan Prusiya ta tsaya shekaru ɗaruruwa, har yaƙin duniya na biyu ya yi mata illa, gwamnatin Jamus ta Gabas kuma ta rushe ta a 1950. A gurbinta ta gina zauren majalisarta a 1976. Bayan haɗewar ƙasa shi ma aka rushe shi, aka sake gina fadar da kamanninta na da, aka buɗe ta ga jama'a a 2021 da sunan Humboldt Forum.

A cikin wannan gini ake baje kayayyakin da aka kwaso daga Afirka da Asiya da sauran sassan duniya, kuma tun kafin a buɗe shi ya haddasa zazzafar muhawara. Babban abin da aka yi ta ka-ce-na-ce a kansa shi ne kayan tagulla na masarautar Benin, waɗanda sojojin Birtaniya suka wawashe a 1897 aka sayar da su ga gidajen tarihi na Turai. A watan Yulin 2022 Jamus da Nijeriya suka rattaba hannu kan yarjejeniyar mayar wa Nijeriya mallakar kayan sama da 1,100 da ke gidajen tarihin Jamus, fiye da 500 daga cikinsu a Berlin. A watan Disamban wannan shekarar aka miƙa kashin farko a Abuja. Wasu daga cikin waɗanda suka rage a Berlin kuwa aro ne daga Nijeriya.

Unter den Linden

Daga bakin fadar ne babban titin Unter den Linden ya miƙe sambal zuwa yamma, tsawon kimanin kilomita ɗaya da rabi. Sunan na nufin ƙarƙashin itatuwan linden, waɗanda aka fara dasawa a 1647 a kan hanyar da sarki ke bi da doki zuwa dajin farautarsa.

A hannun dama akwai jami'ar Humboldt da aka kafa a 1810. Karl Marx ya yi karatu a cikinta, Albert Einstein kuma ya koyar. Akwai wani ɗalibinta da tarihin ƙasar Hausa ya san da zamansa, wato Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim. Ya taso daga Tarabulus a 1850, ya isa Kano a 1851, ya ziyarci Katsina da Kukawa da Yola da Sakkwato da Tambutu, sa'an nan ya koma Turai a 1855 ya rubuta littafi mai juzu'i biyar da masana ke dogaro da shi har yau. Daga baya ya koyar da ilimin labarin ƙasa a wannan jami'a, kuma a Berlin ya rasu a 1865.

Tsallaken titi daga ƙofar jami'ar akwai dandalin Bebelplatz. Mai sauri zai iya wuce shi bai ga komai ba, domin abin da ake zuwa gani a ƙarƙashin ƙasa yake. A tsakiyar dandalin an shimfiɗa wani gilashi, wanda idan mutum ya sunkuya zai hangi ɗaki mai fararen kantoci babu littafi ko ɗaya a kansu. A daidai nan ne, a daren 10 ga watan Mayun 1933, ɗalibai magoya bayan 'yan Nazi suka cinna wa littattafai kimanin 20,000 wuta, na marubuta Yahudawa da 'yan gurguzu da duk wanda aka ga ra'ayinsa ya saɓa wa na gwamnati. Kantocin za su iya ɗaukar kwatankwacin wannan adadi. Abin da 'yan jagora kan ja hankalin baƙi a kai shi ne cewa ba jahilai ne suka yi wannan aika-aika ba. Ɗaliban jami'a ne, tare da goyon bayan wasu malamansu.

Ƙofar Brandenburg

Titin ya ƙare ne a dandalin Pariser Platz, inda ofisoshin jakadancin Amurka da Faransa suke, kuma a nan ƙofar Brandenburg ta tsaya. An gina ta tsakanin 1788 da 1791, tsawonta mita 26, a kan ginshiƙai goma sha biyu. Kamar yadda ganuwar Kano ke da ƙofofi, haka Berlin ta da take da ganuwa mai ƙofofi goma sha takwas, inda ake karɓar kuɗin fito. Wannan ce kaɗai ta rage. A zamanin sarauta, mashigar tsakiya ta gidan sarki ce, talaka sai dai ya bi ta gefe.

A saman ƙofar akwai mutum-mutumin keken doki mai dawakai huɗu. Da Napoleon ya ci Prusiya da yaƙi a 1806 sai ya sa aka sauke shi aka kai birnin Paris, har sai da aka karya lagonsa a 1814 aka dawo da shi. A ranar 30 ga watan Janairun 1933 'yan Nazi suka yi jerin gwano da wutar jiniya ta wannan ƙofa domin murnar naɗa Hitler shugaban gwamnati.

Bayan yaƙin duniya na biyu ƙasashen da suka yi nasara, wato Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet, suka raba birnin kashi huɗu. Ganin yadda jama'arta ke tururuwa zuwa yamma, sai Jamus ta Gabas ta wayi gari ranar 13 ga watan Agustan 1961 ta toshe iyaka. Katangar da aka gina ta kewaye Berlin ta Yamma tsawon kimanin kilomita 155, kuma aƙalla mutane 140 suka rasa rayukansu a bakinta. Shekaru 28 ƙofar Brandenburg ta yi a cikin yankin da aka haramta shiga, ba na gabas ba na yamma. A bayanta ne shugaban Amurka Ronald Reagan ya tsaya a 1987 ya yi kira ga shugaban Sobiyet Mikhail Gorbachev da ya rushe katangar. A daren 9 ga watan Nuwamban 1989 aka buɗe iyakar, jama'a suka haye kan katangar suna murna. A yau abin da ya rage a nan shi ne jeri biyu na duwatsu da aka dasa cikin kwalta, masu nuna inda ta bi.

Majalisa mai rufin gilashi

Taku kaɗan arewa da ƙofar akwai ginin Reichstag da aka kammala a 1894. Daga tagarsa aka yi shelar kafa jamhuriya a watan Nuwamban 1918. A daren 27 ga watan Fabrairun 1933 gobara ta tashi a cikinsa, Hitler kuma ya fake da ita ya dakatar da 'yancin jama'a, ya kame abokan hamayya. A 1945 sojojin Sobiyet suka kafa tutarsu a samansa, suka kuma yi rubuce-rubuce da gawayi a bangonsa.

Bayan haɗewar Jamus a ranar 3 ga watan Oktoban 1990, majalisar dokoki ta Bundestag ta kaɗa ƙuri'a a 1991 a kan ko za ta ci gaba da zama a Bonn ko ta koma Berlin. Berlin ta yi rinjaye da ƙyar, da ƙuri'u 338 a kan 320. Maginin Birtaniya Norman Foster ya sabunta ginin, majalisa ta tare a 1999. An bar wasu daga cikin rubuce-rubucen sojojin Sobiyet a bango da gangan, ta yadda 'yan majalisa za su riƙa wucewa ta gabansu. A sama kuma aka ɗora ƙubbar gilashi da jama'a ke hawa, zauren majalisar na ƙarƙashin ƙafafunsu, alamar cewa talaka ne ke sama da wakilinsa. Hawa kyauta ne, amma sai an yi rajista tun da wuri, an kuma zo da fasfo.

Filin duwatsu da wurin ajiye motoci

Idan aka juyo kudu aka sake wuce ƙofar Brandenburg, sai a iske wani fili mai faɗin murabba'in mita 19,000 cike da tubalan kankare 2,711, wasu iya gwiwa, wasu sun fi mutum tsawo nesa ba kusa ba. Wannan shi ne dandalin tunawa da Yahudawan Turai kimanin miliyan shida da gwamnatin Nazi ta hallaka. An buɗe shi a 2005 bayan muhawara ta shekaru da dama. Babu suna ko rubutu a jikin tubalan. Ƙasan wurin na gangarawa, yadda mai shiga zai ga hayaniyar birni na gushewa har ya rasa abokin tafiyarsa. A ƙarƙashin ƙasa akwai ɗakunan bayani masu ɗauke da sunaye da wasiƙu da tarihin iyalai. Ana buƙatar baƙo ya kama kansa, kada ya yi tsalle-tsalle a kan tubalan.

Tafiyar minti uku daga nan akwai wani wurin ajiye motoci a gaban gidajen haya. A ƙarƙashinsa ne maɓoyar da Hitler ya kashe kansa ranar 30 ga watan Afrilun 1945 take. Mahukunta sun ƙi gina komai a wurin don kada ya zama wurin ziyarar masu ra'ayinsa. Sai a 2006 aka kafa allon bayani guda ɗaya.

Inda aka zauna a kan Afirka

Daga nan sai a fito titin Wilhelmstrasse, wanda ya kasance unguwar ma'aikatun gwamnati har zuwa 1945. Rukunonin 'yan yawon buɗe ido da dama kan wuce gaban gida mai lamba 92 ba tare da sun tsaya ba. A bakin titin akwai wani siririn allo mai ɗauke da taswirar Afirka, wanda aka kafa a 2005 bisa yunƙurin wata ƙungiya mai zaman kanta. A wannan wuri ne fadar shugaban gwamnati Otto von Bismarck take, kuma a cikinta aka gudanar da taron Berlin daga 15 ga watan Nuwamban 1884 zuwa 26 ga watan Fabrairun 1885.

Ƙasashe goma sha huɗu suka halarta, har da Amurka da daular Usmaniyya, amma babu wakilin Afirka ko ɗaya. Akan ce a wannan zaure aka ɗauki alƙalami aka shata iyakokin ƙasashen Afirka. Gaskiyar magana ita ce yawancin iyakokin daga baya aka shata su, ta yarjejeniyoyi tsakanin ƙasashe bibbiyu. Abin da taron ya yi shi ne tsara ƙa'idojin rabon. Ya amince da 'yancin zirga-zirgar jiragen ruwa a kogunan Kwango da Kwara, ya share wa sarki Leopold na Beljiyam hanyar mallakar Kwango, ya kuma ƙayyade cewa duk ƙasar da ta kama wani yanki a gaɓar teku sai ta sanar da sauran, ta kuma kafa iko na zahiri a wurin.

Sakamakon bai daɗe ba ya iso ƙasar Hausa. Birtaniya ta fito daga taron da amincewar sauran ƙasashe a kan matsayinta a ƙasan kogin Kwara. A 1886 kamfanin Royal Niger ya samu izinin mulki daga gwamnatin Ingila, kuma a 1903 Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa. Faransa ta kama Damagaram da sauran yankunan da suka zama Nijar, masarautar Adamawa kuwa aka raba ta tsakanin Birtaniya da Jamus. Ita Jamus ta mallaki Togo da Kamaru da yankin gabashin Afirka da kuma Namibiya ta yau, inda sojojinta suka yi wa al'ummomin Herero da Nama kisan ƙare dangi tsakanin 1904 da 1908. Sai a 2021 gwamnatin Jamus ta amsa wannan suna a hukumance, ta yi alkawarin euro biliyan 1.1 cikin shekaru 30, tayin da shugabannin al'ummomin biyu da dama suka ƙi amincewa da shi saboda a cewarsu ba a zauna da su ba.

Duk wanda ya fito daga filin tubalan nan 2,711 ya tsaya gaban wannan allo zai ga bambancin da idonsa. Masu fafutuka, ciki har da 'yan Afirka mazauna Jamus, sun daɗe suna kiran a gina cikakken wurin tunawa da waɗanda mulkin mallaka ya cuta, kuma sukan yi tattaki daga nan a ƙarshen watan Fabrairu. Ƙoƙarin nasu ya fara haifar da ɗa mai ido. A 'yan taku daga allon akwai wani titi da sunansa na da ke ɗauke da wata tsohuwar kalma da baƙar fata ke ɗauka ta ƙasƙanci. Bayan shari'a ta shekaru, a watan Agustan 2025 aka sauya masa suna zuwa na Anton Wilhelm Amo, masanin falsafa ɗan asalin ƙasar Ghana ta yau, wanda ya koyar a jami'o'in Halle da Jena a ƙarni na 18.

Zango na ƙarshe

Ci gaba da tafiya kudu, za a wuce wani ƙaton gini mai launin toka da aka gina wa ma'aikatar jiragen saman yaƙi ta 'yan Nazi. A cikinsa aka kafa Jamus ta Gabas a 1949, a yau kuma ma'aikatar kuɗi ta tarayya ce. Bayansa akwai ragowar katangar Berlin mai tsawon kimanin mita 200, a gefen kufan hedkwatar 'yan sandan ciki na Gestapo, inda aka buɗe cibiyar bayani a 2010 da ake shiga kyauta.

Zagayen yakan ƙare a Checkpoint Charlie, mashigar da aka keɓe wa baƙi da jami'an diflomasiyya da sojojin ƙawance. A watan Oktoban 1961 tankokin yaƙin Amurka da na Sobiyet suka yi cirko-cirko a nan tsawon kimanin sa'o'i 16, duniya na fargabar ɓarkewar sabon yaƙi. Kusa da nan ne kuma aka harbi Peter Fechter, saurayi ɗan shekara 18, a watan Agustan 1962 yana ƙoƙarin tsallakawa, aka bar shi kwance yana zubar da jini har ya cika. Rumfar da ake ɗaukar hoto a gabanta a yau kwaikwayo ce, an ɗauke ta asali tun 1990.

Mai niyyar wannan tafiya na buƙatar takalmi mai daɗin taku, da rigar sanyi mai kauri daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da duhu kan shiga tun kafin ƙarfe biyar na yamma a tsakiyar hunturu. Ya kuma kiyayi hanyar kekuna da ke gefen titi, domin masu keken ba su cika tsayawa ba. Wanda ƙafa ta gaza masa zai iya hawa bas mai lamba 100, wadda ke bin kusan rabin hanyar. Abincin halal ba ya wuyar samu, albarkacin ɗimbin Turkawa da Larabawa mazauna birnin, kuma ɗaya daga cikin manyan masallatansa, na Sehitlik, yana kudu da tsakiyar gari kusa da tsohon filin jirgin saman Tempelhof, a harabar maƙabartar Turkawa da aka kafa a 1866.

Ba kowane ɗan jagora ne ke sanya gida mai lamba 92 a titin Wilhelmstrasse cikin tsarinsa ba. Baƙon da ya zo daga Kano ko Damagaram ko Garwa yana da hujjar neman a tsaya a wurin, ko da na minti biyar ne.